Yadda za ku gayyato maza taron duba lafiya ta WhatsApp da Facebook a Maraɗi

Duk wanda ya taɓa zama a bencin jiran likita a nan Maraɗi ya san masu cika shi: mata da goyo, tsofaffi, yara masu zazzaɓi. Magidanci mai jin ƙarfinsa ba ya zuwa sai an kamo shi. Yana iya shekara biyu yana tashi fitsari sau biyar cikin dare bai faɗa wa kowa ba, ko ƙeyarsa na sara kullum yana kora ta da ƙwayar mai talla. Ranar da ya yanke jiki ya faɗi a rumfarsa sai ka ji abokai na cewa, "Jiya-jiya fa muka sha shayi tare." Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin masu hawan jini ba su san suna ɗauke da shi ba, kuma ciwon sukari ma haka yake shiga jiki ba sallama.

Shi ya sa nake jin daɗi duk lokacin da wata fada, wato majalisar abokai masu zaman shayi, ko ƙungiyar ɗalibai, ko ƴan kasuwa suka ce za su shirya ranar duba lafiyar maza. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake shelar. A zana hoto mai kyau da Faransanci, a ɗora a Facebook, mutum ɗari biyu su danna alamar so, ranar taro a jera kujeru, a wuni ana kallon hanya. Namiji a garin nan yana tashi ya je wuri ne in muryar da ya sani kuma ya yarda da ita ta kira shi, ta hanyar da ba za ta kunyata shi ba. Waya ɗan aike ce kawai. Abin da ke biye shi ne yadda za ku aike ta, daga sati shida kafin taro har bayan an naɗe tabarmi.

Mataki na farko: ku gama da taron kafin ku taɓa waya

Kada saƙo ko ɗaya ya fita sai kun iya amsa tambaya huɗu: me za a yi wa mutum in ya zo, wa zai yi masa, nawa zai biya, kuma ina za a tura shi in an ga matsala. Ku je wurin majo, wato babban ma'aikacin jinya, na CSI, ƙaramar likitar unguwarku, shi zai nuna muku ƙofar da za ku bi a gundumar lafiya ko a ofishin lafiya na jiha. Ku sanar da mai unguwa da hukumar gari. Ku samu amincewar ma'aikatan lafiyar da za su yi awon, a rubuce in da hali. Tambaya ta huɗu ita ce aka fi mantawa. In kun gaya wa mutum jininsa ya hau kuka bar shi a tsaye, tsoro kawai kuka ƙara masa. Ku san tun yanzu wanda za a tura CSI, da wanda sai babban asibitin jiha ko asibitin Referans.

Awon hawan jini, da na sukari ta ɗigon jinin yatsa, da awon nauyi, da ɗaki guda da mutum zai keɓe da likita: wannan ya isa taro mai amfani. Ku yi alkawarin abin da ke hannunku kaɗai. In babu magani kyauta, ku faɗa tun a saƙon farko.

Sai rana. Watan Nuwamba ya dace da mu: an gama kaka, akwai ɗan abin hannu, zafi ya sauka, kuma matasa da yawa ba su tafi cin rani ba tukuna. Ranar 14 ga watan ita ce ranar ciwon sukari ta duniya, 19 kuma ranar maza. A ƙasashe masu amfani da Faransanci ana kiran watan da Nuwamba shuɗi, kamar yadda Oktoba ke zama na sankarar mama. Wanda Nuwamba ya kuɓuce masa yana da 17 ga Mayu, ranar hawan jini, sai dai ku tanadi inuwa da ruwa, don bazara ce. Ku kauce wa Litinin da Juma'a, ranakun cin babbar kasuwa. In kun zaɓi Asabar ko Lahadi, ku tuna safiyar ranakun ta ɗaurin aure ce, don haka ku buɗe tun ƙarfe 7 ku kai azahar, wanda ya je fatiha ya dawo ya same ku.

Mataki na biyu: wa kuke kira, kuma da wane suna

"Maza" ba mutum ɗaya ba ne. Alhajin da ya haura 50 yana da rumfa a kasuwa, damuwarsa hawan jini ce da sukari da wahalar fitsari. Ɗan kabu-kabu mai shekara 25 nasa daban ne: ciwon baya, tiramol, shisha, rashin barci, ciwon sanyi. Malamin makaranta yana karanta rubutu. Manomin da ya shigo daga Madarumfa ko Tibiri sai dai ya saurara. Ku zauna ku rubuta kashi biyu ko uku da kuka fi so su zo, ku yi wa kowanne saƙonsa.

Akwai kashi na huɗu da nake roƙonku kada ku tsallake: matan gida. Uwargida ta san mijinta na tashi cikin dare, ta san ya rame, ta san yawan ruwan da yake sha. Ita ce kuma mai sa gishiri da dunƙulen magi a miya. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, waɗanda a nan jihar Maraɗi aka fara su a 1991, suna haɗuwa duk sati, kuma da yawansu suna da gurup a waya. Ku yi musu saƙo na musamman da muryar mace, a ce, "Ki lallaɓa maigida ya je, ki tuna wa Baba, ki tura wa yayanki."

Sunan taro yana iya cika shi, yana iya watse shi. In kuka rubuta "Taron masu matsalar mazakuta" ko "Awon sankarar maza", duk wanda aka gani a ƙofar ya zama abin nuni. Babu magidancin da zai yarda surukinsa ya hango shi a layin. Ku sa suna mai faɗi wanda kowa zai iya shiga ƙarƙashinsa da rawaninsa, misali "Ranar Lafiyar Magidanta" ko "Maigida, Auna Jininka". Hawan jini ba abin kunya ba ne, da shi za ku buɗe ƙofa. In mutum ya shiga ɗaki shi da likita, a nan ne ranar wanka ta zo, kuma ba a ɓoyon cibi.

Da Hausa za ku yi komai, Hausar da ake yi a Bagalam da Zariya da Sabon Gari. In mutane sun saba cewa "tansiyo", ku ce "tansiyo, wato hawan jini". Furostat kuma ku bayyana shi a sauƙaƙe: wani ɗan ƙullutun nama ne a ƙarƙashin mafitsarar namiji, yakan kumbura in shekaru sun ja, ya matse hanyar fitsari. Yawancin kumburin ba sankara ba ne, amma likita ne kaɗai zai bambance. Faransanci ku ajiye shi don wasiƙun ofis da layi ɗaya a ƙasan hoto.

Mataki na uku: lamba ɗaya, mutum uku

Ku sayi sabon layi don taron kawai, ku sa masa WhatsApp Business. Kyauta ne, kuma yana ba ku damar rubuta wuri da lokaci a fuskar lambar, da saƙon da zai amsa wa mutum da kansa in ya yi sallama cikin dare. Mutum ɗaya ya riƙe wayar, ɗaya ya kula da hoto da bidiyo, na uku kuma ma'aikacin lafiya ne wanda babu abin da zai fita sai ya ji ya amince. Ku ware kuɗin forfe, wato na intanet, da na caji tun farko, ko da jika biyar-biyar za ku haɗa, ku ajiye batirin ko-ta-kwana saboda ɗaukewar wuta.

Mataki na huɗu: muryoyi

Nan ne aikin yake, kuma nan nake so ku fi ɓata lokaci. A garinmu saƙon murya, wanda muke kira bokal, ya fi rubutu tafiya nesa ba kusa ba. Mai tuƙi na saurare, mai awo a kasuwa na saurare, wanda bai yi boko ba na saurare. Ba ya cin mega da yawa, yana sauka ko rezo na wasa.

Ku nemi muryoyi huɗu ko biyar. Ta farko ta likita ko majo da mutane suka sani. Ta biyu ta limami ko malamin da ake jin maganarsa. Ya tuna wa jama'a cewa Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta, kuma neman magani ba ya warware tawakkali. In akwai Kiristoci a unguwarku, ku je wurin fasto shi ma. Ta uku ta shugaban wata sana'a: sarkin tasha, shugaban ƴan kabu-kabu, sarkin fawa, shugaban teloli. Ta huɗu ta mace, kamar yadda na faɗa. Ta biyar ita ce mafi tsada: dattijon da ke shan maganin hawan jini shekara da shekaru, yana harkokinsa lafiya, kuma ya yarda da bakinsa ya ba da labarinsa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan Alhaji wane da kowa ya sani ya ce, "Ni ma ban san ina da shi ba sai da aka auna ni," ya gama muku rabin aiki. In akwai makarantar mazaje a yankinku, irin waɗanda aka faro a jihar Damagaram don magidanta su tattauna lafiyar iyali, mambobinta sun saba da irin wannan magana, ku fara da su.

Kada ku aika wa manyan nan saƙo ta waya kuna neman murya. Ku taka ku je, ku tuɓe takalmi, ku gaisa, ku yi bayani. "Allah gafarta Malam, wata alfarma muka zo nema." Sannan ku ɗauki muryar a ɗaki mai shiru, a kashe fanka, wayar na nesa da baki kamar taƙi ɗaya. Kada ta wuce minti ɗaya. Ku tsara ta haka: sallama da sunan mai magana, dalili guda ɗaya, rana da wuri da lokaci, abin da za a yi da kuɗinsa, sannan a maimaita rana da wuri. Ga misali, ku sauya shi ya dace da ku:

"Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ni ne wane, majo na likitar unguwa kaza. Hawan jini ba ya sallama, mutum na tafiyarsa garau sai ya faɗi. Ranar Lahadi kaza ga wata, daga ƙarfe 7 na safe zuwa azahar, muna makarantar kaza, kusa da masallacin Juma'a. Za mu auna jini da sukari kyauta. Wanda ke da wata damuwa ta daban, akwai ɗaki, daga shi sai likita, babu mai ji. Ba a raba magani, amma za mu nuna maka inda za ka nufa. Lahadi, makarantar kaza, ƙarfe 7. Ka zo da abokinka."

Ku lura babu tsoratarwa da hoton gawa ko na ƙafar da aka yanke. Irin wannan yana sa mutum ya kashe saƙon, ya ce Allah ya kiyaye, ya ci gaba da shayinsa. Ku kuma ambaci watan da shekarar a cikin muryar. Bokal ba ya mutuwa. Zai iya dawowa yana yawo bayan wata takwas, mutane su taso daga ƙauye su tarar da ƙofa a kulle.

Mataki na biyar: hoto guda

Hoto ɗaya ya isa, a yi shi da manhajar zane ta Canva ko wurin mai buga katin biki. Sunan taro da manyan baƙaƙe, rana, wuri da alamar da kowa ya sani, lokaci, lambar waya. Hoton hannu a cikin abin awon jini ya fi hoton Bature da farar riga da aka kwaso a intanet. Ku duba shi a ƙaramar waya mai fasasshen gilashi. In ya karantu a nan, ya yi. Kada ku sa tambarin wata hukuma ko asibiti sai da izininsu.

Mataki na shida: rabawa a WhatsApp

Kuskuren da aka fi yi shi ne buɗe sabon gurup a zuba mutane ba a tambaye su ba. Rabi za su fice, sauran su yi shiru, kuma kowa na ganin lambar kowa, abin da mai ciwon ɓoye ba ya so. Maraɗi cike take da gurup da suka riga suka kafu: na dangi, na fada, na ƴan aji ɗaya, na masallaci, na ƴan kasuwar hatsi, na direbobin hanyar Dan Isa da Jibiya, na tsofaffin ɗaliban Jami'ar Dan Dikko Dankulodo. Ku zauna da takarda ku lissafa talatin ko arba'in, a gaban kowanne ku rubuta sunan mutum ɗaya da ke ciki wanda ake ganin girmansa. Shi zai saka saƙon, da ɗan gabatarwa daga bakinsa: "Ƴan uwa, ni zan je, wa zai raka ni?" Saƙon da ɗan gida ya kawo daban yake da wanda baƙuwar lamba ta jefo.

Waɗannan mutanen su za ku tara a gurup guda, na masu rabawa kawai, ku kulle shi yadda shugabanni kaɗai ke iya saka abu. Daga nan kowa ke ɗauka. Ku sani WhatsApp ba ya barin a tura saƙo wuri fiye da 5 a lokaci guda, wanda kuma ya riga ya sha yawo sai wuri ɗaya-ɗaya. Maganin wannan shi ne kowane mai rabawa ya sauke hoton ko muryar a wayarsa ya aika a matsayin sabo.

Akwai kuma jerin aikawa, wanda wayoyin da ke kan Faransanci ke kira liste de diffusion. Yana ɗaukar lamba 256, saƙon na isa wa kowa shi kaɗai kamar kai da shi, babu mai ganin wani. Don maganar lafiyar maza babu kamarsa. Sharaɗinsa ɗaya: sai wanda ya ajiye lambarku a wayarsa zai samu. Saboda haka a kowane saƙo ku ce, "Ajiye wannan lamba, ka turo mana sallama, za mu tuna maka ranar."

Sai istati, wato abin da mutum ke ɗorawa a WhatsApp ɗinsa masu lambarsa su gani, wanda ke ɓacewa bayan awa 24. Ku roƙi duk ƴan kwamiti da abokansu su ɗora hoto ɗaya a rana ɗaya. Idan mutum ya buɗe waya ya ga abu guda a wurin ƙaninsa da telansa da maƙwabcinsa, zai ɗauka maganar gari ce. A ganina lokacin da ya fi shi ne bayan sallar asuba da kuma bayan isha'i, sa'ar da aka zauna a fada ana jiran shayi na biyu.

Kada ku manta da ƴan uwanmu da ke waje, a Kano, Abijan, Agadas, Aljeriya, Libiya. Ba za su zo ba, amma ɗan da ke aiko da kuɗin cefane in ya kira ya ce, "Baba, don Allah ka je a auna ka, na turo kuɗin adaidaita," Baba zai je.

Mataki na bakwai: Facebook, TikTok da rediyo

A Facebook ku buɗe shafi da sunan taron, ku ƙirƙiri sanarwar taro mai rana da wuri, ku saka a zaurukan ƴan Maraɗi bayan kun nemi izinin masu su. Amfaninsa babba shi ne shaida: wanda ya ji bokal yana shakka zai leƙa ya ga fuskoki da sunan likitar da ke tare da ku. Yawancin mutane Facebook Lite suke amfani da shi, don haka bidiyo ya zama gajere mara nauyi. Biyan kuɗi don a tallata saƙo yana buƙatar katin banki, kuma ni ban ga ya kai a kashe masa ba in kuɗinku kaɗan ne. In za ku yi, ku taƙaita shi ga maza mazauna Maraɗi da kewaye, kwana biyar na ƙarshe.

TikTok na matasa ne. Ku nemi masu wasan barkwanci na gari da ke da mabiya, su yi ɗan wasa na daƙiƙa 30 ko 40: aboki na jan abokinsa zuwa awo, shi kuma yana cewa shi ƙarfe ne. Sharaɗi biyu: likitanku ya gani kafin a saka, kuma kada a mai da mara lafiya abin dariya.

Gidajen rediyon gari irin su Anfani da Garkuwa har yanzu suna shiga inda intanet ba ya kai wa. In kun samu likitanku ya yi hira a can, ku ɗauki sautin, ku yanka shi gutsi-gutsi na minti ɗaya, ga abin rabawa na sati guda ya samu. Sanarwa bayan sallar Juma'a da mai shela a unguwa su ma ku haɗa da su, kowanne ya ambaci lambar nan guda.

Mataki na takwas: jeren kwanaki

Sati huɗu kafin rana, hoto da muryar likita su fita. Sati na uku da na biyu na ilimi ne, saƙo biyu ko uku a sati, kowanne da darasi ɗaya tak. Misali: awon jini da ya kai 14 bisa 9, wato 140 da 90, in an sake aunawa wata rana aka same shi haka, hawan jini ne. Gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai giram 5 ba, kimanin ƙaramin cokalin shayi, har da wanda ke cikin dunƙule da yaji. Yawan ƙishirwa da yawan fitsari da rama ba dalili alamun sukari ne. Fitsari da jini, ko fitsarin da ke fita da ƙyar, ba abin jira ba ne. Namijin da ya kai 50, ko 45 in mahaifinsa ko ɗan uwansa ya yi ciwon furostat, ya kamata ya tattauna da likita. Raunin namiji a shimfiɗa sau da yawa ɗan aiken sukari ne ko hawan jini, kuma maganin ƙarfin maza na bakin titi na iya yi wa mai ciwon zuciya illa. Wannan na ƙarshe ku bar shi a bakin likita, da lafazi mai ladabi, ta jerin aikawa.

Satin ƙarshe na muryar malam ne da ta dattijo da ta mata. Ana jibi, ku tura yadda za a shirya: wanda ke son awon sukari na kafin karin kumallo kada ya ci komai na awa 8, ruwa kaɗai, kowa ya haƙura da shayi da kofi da taba na rabin awa kafin awon jini, mai shan magani ya zo da kwalinsa. Daren taro, tuni ɗaya gajere. Da asuba, wani. Kada ku wuce haka, yawan saƙo na sa a toshe lamba.

Mataki na tara: abin da zai shigo muku

Da zarar lambar ta bazu, tambayoyi za su fara zuwa cikin dare, wasu masu nauyi. Wani zai turo hoton takardar awonsa, wani zai faɗi abin da bai taɓa faɗa wa matarsa ba. Mai riƙe da waya ya zama mutum mai riƙon amana, wayar na da makulli, kuma kada ya zama likitan kansa. Amsarsa ita ce, "Mun ji, Yaya. Ka zo ranar, likita zai gan ka kai kaɗai." In abin na gaggawa ne, kamar ciwon ƙirji, ko karkacewar baki, ko mutuwar ɓarin jiki, ko fitsari ya tsaya cak, amsar ita ce a tafi asibiti yanzu, kada a jira taro. Ɗaukar hoton hirar wani a tura wa aboki, ko da an goge suna, cin amana ne, kuma ƙasarmu na da dokar kare bayanan mutane, ga kuma dokar laifukan intanet ta 2019.

Masu tallar magani za su shigo ƙarƙashin saƙonku na Facebook da lambobinsu. Ku goge, ku toshe, ba gardama. Jita-jita kuma za ta taso: jinin me za su yi da shi, wa ya ba su kuɗi, ko dabarar hana haihuwa ce. Kada ku yi fushi, tambaya ce da ta cancanci amsa. Ku faɗi gaskiyar inda kuɗin ya fito. Ku yi ɗan bidiyo mai unguwa ko liman na miƙa yatsa ana ɗiga jinin a kan ɗan tsinken awo, ana jefa shi a kwandon shara a gabansa. Gani ya kori ji.

Ranar taro

Da ƙarfe 7 ku ɗora hoton wurin an shirya, ma'aikata na zaune. Wajen ƙarfe 9 ku sake ɗora wani, da bokal: "Layi ba tsawo, wanda ke kusa ya taho." Ku ɗauki hoto daga baya, ko hannu kawai. Fuskar mutum sai da izininsa, takardar sakamako kuwa ko da izini kada ta fito, ƙofar ɗakin ganawa kuma kada kyamara ta dube ta sam. In za ku yi kai-tsaye a Facebook, ku tsaya ga jawabin likita.

A teburin rajista ku ƙara tambaya biyu: "A ina ka ji labari?" da "Ka yarda mu tuna maka ta waya?" Mutum ɗaya ya riƙa yin ƴar alama a takarda: gurup, istati, rediyo, masallaci, matata, abokina. Da yamma in kun ƙirga za ku san inda za ku sa ƙarfinku baɗi.

Bayan an watse

Washegari ku tura godiya da murya, ku ambaci mai unguwa da malamai da ma'aikatan lafiya da masu rabawa. Ku faɗi adadin waɗanda aka auna, adadin gaskiya, ba tare da sunan kowa ba. Manyan da suka ba ku murya ku koma ku yi musu godiya da ƙafa.

Waɗanda aka ga awonsu ya hau, sunayensu na hannun ma'aikacin lafiya, shi kaɗai. Shi zai kira su ko ya tura musu saƙo ɗaya-ɗaya bayan sati: "Alhaji, ina kwana, an samu komawa a sake awon?" Bayan wata guda a sake tuntuɓa, domin da yawa kan fara shan magani su daina da zarar kai ya bar ciwo, alhali maganin hawan jini ba a ajiye shi sai likita ya ce. Sauran jama'ar da ke jerin aikawa ku riƙa tura musu saƙo ɗaya a wata, da muryar majon da suka riga suka sani, yana faɗin ranaku da lokutan da ake awon jini a CSI mafi kusa da su. Layin kuma ku riƙa sa masa kuɗi kada kamfani ya rufe shi, don da shi za ku kira taro na gaba.